Daga Huhun Goro Zuwa Kwantena: Tarihin Ɗaurin Kaya a Ƙasarmu

In an tashi ba da tarihin kasuwanci a ƙasar Hausa, abin da aka saba ji shi ne labarin haja da fatake da hanyoyi, watau goro daga Gwanja, gishiri daga Bilma, gyaɗa zuwa Ikko. Ba a cika tsayawa a tambayi abin da aka ɗaure hajar da shi ba. Alhali kuwa duk hajar da ba ta sami maɗauri na kirki ba, a hanya take ƙarewa. Manufata a wannan ɗan rubutu ita ce in bi sawun wannan abu da aka raina, watau ganye da kaba da igiya da buhu, tun daga zamanin ayari har zuwa yau da manyan kamfanonin duniya ke fafutukar neman tsiron da zai maye musu gurbin katako wajen jigilar kaya. Daga ƙarshe zan dawo da maganar gida, ƙasar Birnin Tudu da sauran garuruwan da ke shan ruwan Bakolori tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda na fito, domin a ganina can ne tarihin nan yake da sauran magana.

Zamanin Ayari

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ƙasarmu ba ƙasar katako ba ce. Muna da itatuwa, amma kowanne da aikin da yake yi a tsaye: ɗorawa don kalwa, kaɗanya don mai, kuka don miya, gawo don taki da abincin dabba. Masassaƙinmu kuwa da gatari da gizago yake aiki, gungume guda yake raraka ya fitar da turmi ko akushi, ba ya yanka falanki da zarto. Har harshenmu ma yana ba da wannan shaida. Duk wanda ya ji Yarbanci zai lura da yadda kalmominmu na akwati da katako suka yi kama da apoti da patako nasu, abin da ke nuna cewa daga kudu, ƙasar kurmi, kayan suka zo mana tare da sunayensu. Amma in aka zo kan abin da ake saƙawa, sai ka ga kalmomi sun yi yawa: mangala, sanho, kwando, adudu, lefe, tabarma, huhu, ragaya. Inda al'umma ta ƙware, nan kalmominta kan hayayyafa.

Ko da akwai katakon ma, ba zai yi wa falke rana ba. Jaki da raƙumi da takarkari su ne motocinsa, kuma akwati mai kusurwa zai yi wa dabba miki kafin a yi zango uku, ga nauyinsa na banza wanda ba za a sayar ba. Mangalar kaba kuwa tana kwanciya bisa jikin jaki, tana shan iska, in ta yage a ɗinke ta da tsinken kaba a gindin goruba mafi kusa. Ba ina cewa tsiro kaɗai aka yi aiki da shi ba. Fata ma ta taka rawa, ga taiki ga waga ga burgami. Sai dai in haja mai rai ce, to ganye ne ke taɓa jikinta.

Babu hajar da ta kai goro nuna wannan fasaha. Goro ɗan kurmi ne, ba ya son zafi, ba ya son bushewa, ba ya kuma son ruwa ya yi masa yawa, ga sankara tana jiransa. Duk da haka, cikin ƙarni na 19 fatake sun riƙa ɗauko shi daga Salaga ta ƙasar Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, su kawo shi Sakkwato da Kano, tafiyar da kan ci wata shida ko fiye, zuwa da dawowa. Yaya aka yi? Sai a shimfiɗa ganyen fita mai faɗi a cikin kwando, a jera goro, a rufe da wani ganyen, a ɗaure tamau da igiya. Wannan shi ne huhu. A hanya kuma ba a barinsa haka nan. Lokaci lokaci akan kwance, a tsince wanda ya soma lalacewa don kada ya shafi sauran, a yayyafa ruwa, a sake ganye in da hali, a mayar a ɗaure. Ganyen yana riƙe laima, kwandon yana barin iska ta ratsa. Abin da injiniyoyin yau ke kashe kuɗi suna nema da na'ura, watau daidaita laima da iska a cikin kaya, shi ne kakanninmu suka samu da ganye da lura. Mu mutanen Zamfara muna da hannu dumu-dumu a wannan sana'a, domin Kambarin Barebari na Gummi suna cikin manyan fataken goro, tare da Agalawa da Tokarawa na ƙasar Kano da Katsina, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa na 1980 a kan ayarin goro. Darajar huhu ta kai har ta shiga magana: in abu ya cika ido amma ciki fanko, sai a ce huhun ma'ahu ne.

Daga arewa kuma ga gishiri. Buzaye kan ɗauko kantu daga Bilma da Fashi, su naɗe kowanne da tabarmar kaba, su ɗaure da igiyar kaba, don kada tafiyar raƙumi ta farfashe shi. Kafin ayari ya tashi, makonni ake yi ana tukar igiya da saƙa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da irin wannan ayari na gishiri ya gangaro daga Azbin kafin ya shigo Kano cikin 1851. Watau dai goruba ita ce masana'antar ɗaurin kaya ta Sahara, kuma ba a sare ta, kabarta ake yanka ta sake tohowa.

Jirgin Ƙasa da Buhun Algarara

Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, sai lissafi ya sake. Turawa sun sa rai auduga za a noma musu, amma daga 1912 manoma suka karkata ga gyaɗa saboda ta fi kuɗi. Cikin 1929 layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tsaya Kauran Namoda, ƙasar Zamfara ta shiga wannan ciniki sosai. Kamfanin auduga na BCGA, wanda aka kafa a Manchesta cikin 1902, ya kakkafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau, ana matse auduga dila-dila, a lulluɓe da ashasha, a ɗaure da ƙarfe.

To a nan ne abin ya juya. Kamfani ba ya sayen haja da mangala, domin mangala kowacce da girmanta. Yana son abin da za a auna, a ƙirga, a jera cikin wagunu da cikin jirgin ruwa ba tare da gardama ba. Wannan abu shi ne buhun algarara. Dalar gyaɗar nan ta Kano da muke alfahari da ita, wadda ake danganta farkonta da Alhassan Ɗantata, in ka duba da kyau ba gyaɗa ido ke gani ba, buhu yake gani. Dala guda takan ci buhu dubbai, kuma a zamanin mulkin mallaka babu ko ɗaya da aka saƙa a ƙasar nan. Zaren daga Bengal yake, ƙasar da yanzu ta rabu tsakanin Indiya da Bangaladash. Tun shekarun 1830 garin Dandi na Sikotilan ya gano dabarar tausasa zaren da man kifin nan whale don inji ya iya kaɗa shi, sa'an nan cikin 1855 aka kafa masaƙa ta farko a Rishra kusa da Kalkata, har Kalkata ta zo ta ƙwace kasuwar.

Abin dariya, ko kuma abin haushi, shi ne tsiron da ake samun wannan zare daga jikinsa ɗan'uwan lalo ne, lalon da muke miya da shi. Manomin Bengal ya shuka shi a cunkushe don ya yi tsawo ya ba da zare, mu muka tsinke ganyen muka kaɗa. Saboda haka zamanin mulkin mallaka bai raba mu da ɗaurin tsiro ba. Abin da ya yi shi ne ya raba tsiron da gonarmu. Kowace kaka sai mun sayi buhu daga ƙetare kafin mu sayar da gyaɗa, kuma kuɗin buhun daga farashin manomi ake zare shi.

Labarin Rama

Shugabannin farko bayan samun mulkin kai sun ga wannan giɓi. Muna da rama, wadda kowane gida ya san ta: ganyenta a yi kwaɗo, ɓawon karanta a tuka igiya. Zarenta kuwa yana yin buhu kamar na algarara. Cikin shekarun 1960 aka kafa masaƙar buhu biyu da niyyar su yi aiki da rama, ɗaya a Jos ɗaya a Badagiri, masu binciken aikin gona na Samaru da na Ibadan kuma suka duƙufa wajen zaɓen iri. Yau duka biyun sun daɗe da rufewa.

Me ya kashe su? Ina ganin wannan tambaya ta fi cancantar a dube ta fiye da dalar gyaɗa da kullum ake yi wa waƙa. Masaƙun ba su taɓa samun isasshen zare daga manoman gida ba, sai suka koma dogaro da wanda ake shigowa da shi, watau ainihin abin da aka kafa su don a guje masa. Dalilin rashin zaren kuwa yana gona. Ba a samun zare mai kyau sai an jiƙa karan rama a ruwa wajen mako biyu har ya ruɓe, sa'an nan a saɓule a wanke a shanya. A Bengal ruwa ko'ina yake. A nan kuwa lokacin da rama ke isa yanka shi ne lokacin da tafkuna ke soma janyewa, shi ne kuma lokacin da manomi ke fama da girbin gero da dawa da cirar gyaɗa. Wa zai bar abincin gidansa ya shiga ruwa mai wari don zaren da farashinsa bai taka kara ya karya ba? An gina inji, amma ba a zauna an yi lissafin hannun da zai ciyar da injin ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, don za mu sake cin karo da shi.

Sa'an nan fari na 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa ta biyo baya cikin 1975, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, dala ta rushe. Cikin 1986 aka soke hukumomin ciniki na amfanin gona. A daidai wannan tsakani buhun leda ya shigo, irin wanda kamfanin Bagco ya yi suna da shi har sunan ya zama na buhun. Ba shi da nauyi, yana da araha, ruwa ba ya ruɓar da shi. Wannan na ƙarshe shi ne alherinsa, shi ne kuma sharrinsa, domin in ya yage ya faɗi a gona, nan zai zauna, in akuya ta haɗiye shi kuma sai wuƙa. Masu saƙar mangala da sanho suka ragu, yara suka tashi ba su san sunayen ba.

Yadda Katako Ya Zame wa Duniya Alaƙaƙai

Bari mu ɗan leƙa waje, don abin da ya faru can shi ya dawo da tsohuwar magana. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka suka yawaita amfani da wani ɗan gadon katako da ake jibga kaya a kai, mota mai cokula biyu ta zura ta ɗaga gaba ɗaya. Shi ake kira falet. Wanda ya san gadon kara na ƙauye, to ya san siffarsa. Cikin 1961 hukumomin jiragen ƙasa na Turai suka daidaita girmansa, santimita 80 a 120. Kafin wannan, cikin 1956, wani ɗan kasuwar Amurka mai suna Malcom McLean ya loda akwatunan ƙarfe 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston, daga nan aka sami kwantena. Falet da kwantena su suka kori ɗan dako daga tashar jirgin ruwa. Dukansu kuwa mayun katako ne: falet katako ne zalla, daɓen kwantena kuma an daɗe ana yinsa da filawud na itatuwan kurmin Asiya masu tauri. Falet da yawa tafiya ɗaya suke yi a yar.

Ba tausayin daji ne ya fara tayar da hankalin Turawa ba, ƙwaro ne. Ɗanyen katako yana tafe da ƙwai da tsutsa a cikinsa. Cikin 1996 aka ga wani ƙwaro mai dogon ƙaho ɗan asalin Asiya yana cin itatuwan titi a birnin New York. Cikin 2002 aka gano wani kore a jihar Michigan, wanda ya zo ya kashe miliyoyin itatuwan da suke kira ash. Duka biyun ana kyautata zaton cikin katakon ɗaurin kaya suka tsallaka teku. A shekarar 2002 ɗin ƙasashen duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar kare tsirrai ta Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince da ƙa'idar da ake kira ISPM 15. Ƙa'idar ta ce duk katakon da za a ɗaure kaya da shi a tsallaka iyaka, sai an gasa shi har zafin tsakiyarsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a turara shi da wata guba, sa'an nan a buga masa hatimi. Gubar kuwa tana cikin masu ɓata rufin sararin samaniya, har Tarayyar Turai ta hana amfani da ita a ƙasashenta daga 2010. Kayan da suka iso ba hatimi ana iya tsare su ko a mai da su inda suka fito.

Amma ƙa'idar ta bar ƙofa. Abin da aka niƙa aka gauraya da gam aka matse da zafi, ba ya bukatar hatimi, don babu ƙwaron da zai rayu a ciki. Ta wannan ƙofa masu dabara suka shigo. Wani kamfanin Holan mai suna CocoPallet ya fito da falet na ɓawon kwakwa. Kamfanin IKEA ya koma amfani da falet na kwali tun wajen 2012. A Amurka, kamfanin Ecovative da aka kafa cikin 2007 yana zuba dusar amfanin gona a mazubi, ya bar saiwar naman kaza ta kama ta ta haɗe, a busar, a sami matashin da ake tokare kaya masu fashewa da shi. A Sin kuwa gora ta shiga daɓen kwantena a madadin itacen kurmi. Ramar nan tamu ma ba a bar ta ba: Maleshiya ta kafa hukuma don manoman taba su koma nomanta, kamfanonin mota irin su Toyota da Ford sun sa zarenta cikin bangon ƙofar mota.

Kada mai karatu ya ɗauka an gama da katako. Har yanzu mafi yawan falet na duniya na katako ne, domin yana da araha, yana jure nauyi, ana gyara shi da guduma da ƙusa. Na kwali ba ya son ruwa, na ɓawo kuma in ya tsage ya tsage ke nan. Amma ga kayan da za su yi tafiya ɗaya zuwa ƙetare, kasuwar tsiro tana buɗewa.

Mu kuma a wannan lokaci me muke yi? Sarar madobiya muke yi. Cikin shekarun 2010 an kwashe wannan itace daga dazuzzukan Taraba da Kogi da Adamawa kwantena-kwantena zuwa Sin don a yi kujerun alfarma, har taron yarjejeniyar CITES na 2016 a Johannasbag ya sa shi cikin jerin itatuwan da sai da izini za a yi cinikinsu. Duniya tana neman kara, mu masu kara muna sayar mata da ɗan itacen da ya rage mana.

Bakolori da Karan da Ke Gona

Yanzu sai gida. An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin, da niyyar a shayar da kadada 23,000. Don a shimfiɗa hanyoyin ruwa sai da aka baje ƙasa da katafila, aka tumɓuke itatuwan da ke cikin gonaki, aka share iyakokin da kowa ya gada. Manoma suka yi shekaru ba su yi shuka yadda suka saba ba, diyyar gona da ta itace ta zama abin jayayya, waɗanda ruwa ya ci garuruwansu a wajen Maradun aka mai da su tudu, na ƙasan madatsa kuma suka rasa ambaliyar da ke ciyar da fadamarsu. Da haƙuri ya ƙare, manoma suka datse hanyoyin aikin. Cikin watan Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta faɗi ƙaramin adadi na waɗanda suka mutu, mutanen ƙasar suka ce ɗaruruwa ne. A gidajenmu har yau ba a ba da wannan labari da murya sama.

Na kawo wannan ne don dalili biyu. Na farko, aikin da ya raba mu da itatuwa shi ne ya mai da ƙasarmu ta shinkafa, rani da damina, musamman bayan gyaran hanyoyin ruwa da aka yi ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya wanda aka amince da shi cikin 2014. Inda shinkafa take kuwa, kara da ɓuntu suna nan. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. Duk wanda ya bi ta bayan injinan casa a garuruwanmu ya ga tsibinsa, wani lokaci yana ci da wuta kwana da kwanaki, hayaƙi na shiga gidajen mutane. Ga kuma ruwa a kwalbati duk shekara, watau abin da rama ta rasa a shekarun 1960. Ga tashoshin kwantena na tudu sun matso kusa, ta Kaduna tun 2018, ta Dala a Kano tun 2023, inda masu fitar da riɗi da zoɓo da citta ke bukatar abin ɗaurin da ƙa'idar duniya ta yarda da shi. A takarda dai, komai ya haɗu.

Dalili na biyu shi ne takardar. A takarda masaƙar Jos ta yi daidai, a takarda Bakolori ta yi daidai. Nakan ji 'yan'uwana ɗalibai, har da wasu malamai, suna kiran kara da harawa shara, suna cewa dukiya ce ake zubarwa. Wanda ya tashi a ƙauye ba zai faɗi haka ba. Karan dawa shi ne darni, shi ne rufin ɗaki, shi ne makamashin tuwo, tokarsa ma tana da aiki. Karan shinkafa kuwa shi ke riƙe shanun huɗa da tumakin turka daga tsakiyar rani zuwa faɗuwar ruwa, kuma ana sayar da shi kuɗi hannu. Abin da ya saura a gona, a da, shi ne igiyar da ta ɗaure manomi da makiyayi: shanu su ci kara, su bar taki. Kowa ya san yadda wannan igiya ta tsinke a Zamfara cikin shekarun nan da abin da tsinkewarta ta jawo. Masana'antar da za ta zo ta saye kara lodi-lodi, in ba a yi hattara ba, abincin dabba za ta tsadar, ta kuma bar ƙasa tsirara ga iskar hunturu. Abin da ake kira kare muhalli a Rotadam yana iya zama zaizayar ƙasa a Bakura.

Saboda haka ni a nawa ganin, in za a fara, da ɓuntu ya kamata a fara, ba da kara ba. Shi ne ya riga ya taru wuri ɗaya, ba sai an bi gona gona ba, shi ne kuma masu neman sa suka fi ƙaranci, ko da yake masu turara shinkafa suna hura wuta da shi, masu kiwon kaji suna shimfiɗa shi. Rama kuma a noma ta da gangan a matsayin amfanin sayarwa, da farashin da aka yi yarjejeniya a kansa tun kafin shuka, a kuma yi ma'auni a gaban mai kaya. Mutumin Birnin Tudu ya san abin da ake nufi da a karɓi abinka yau a ce za a biya ka gobe, ba ya bukatar wani ya karanta masa.

Ɓuntu ma yana da nasa halin. Yana ɗauke da yashi a jikinsa, shi ya sa ba ya saurin ruɓewa, gara ba ta cika son sa ba, amma shi ya sa yake cinye bakin inji, gam kuma ba ya kama shi da sauƙi. Gam ɗin da masana'antu suka saba da shi daga sinadaran man fetur da iskar gas ake yinsa, shigo da shi za a yi, sai mu koma gidan jiya na buhun algarara. A Afirka ta Kudu an daɗe ana haɗa gam na allo daga ɓawon wani itace ɗan'uwan bagaruwa, a Sudan kuma masu bincike sun gwada 'ya'yan bagaruwar kanta, wadda majemanmu na Sakkwato da Kano ke jeme fatar jan akuya da ita tun kafin zuwan Turawa. Bagaruwa tana son bakin ruwa da ƙasa mai laka, tana ba da 'ya'ya kowace shekara ba tare da an sare ta ba, kuma bakin manyan hanyoyin ruwan Bakolori, inda katafila ta share, har yanzu akwai filin dasa ta.